Bizar Aiki a Birtaniya: Za Ka Iya Buɗe Naka Kasuwancin?

Magana biyu ke yawo a bakin 'yan Najeriya masu aiki a Birtaniya. Wasu na cewa wanda ya shiga da bizar aiki, ko tsinke ya sayar sai an koro shi gida. Wasu kuma na cewa da zarar ka yi wa kamfani rajista a Companies House, shi ke nan, ka zama ɗan kasuwa. Duka biyun akwai gyara, amma ta biyun ce ta fi kai mutane ta baro.

Dokar ba ta haramta kasuwanci ɗungurungum ba. Mai bizar Skilled Worker, har da ma'aikatan lafiya, yana da damar yin ƙarin aiki na awa 20 a mako, kuma aikin na iya zama na kamfaninsa. Sai dai da sharaɗi: ya ci gaba da aikin da aka ɗauko shi dominsa, ya yi nasa a wajen lokacin wancan, sannan sana'ar ta kasance cikin waɗanda gwamnati ta amince da su. Nan ne gizo ke saƙa. Tuƙin tasi ko kai abinci gida-gida a kan keke ba sa cikin jerin, ko da awa biyu kacal mutum zai yi ranar Asabar.

Rajistar kamfani kuwa abu ne mai sauƙi, wanda ke zaune a Kano ma zai iya yi in yana da adireshi a Birtaniya. Takardar tana nuna cewa kamfanin naka ne, amma ba ta ba ka izinin yi masa aiki ba. Wannan hurumin Ma'aikatar Cikin Gida ne, ita kuma sharuɗɗan bizarka take dubawa.

Ɗalibai sun fi kowa ruɗewa. Suna jin an ce awa 20, sai su ɗauka har da sana'ar kansu. A'a. Bizar ɗalibi ta hana sana'ar kai da gudanar da kasuwanci gaba ɗaya. Sai bayan kammala karatu, in an koma bizar Graduate, ƙofar ke buɗewa. Matar ma'aikaci ko mijin ma'aikaciya da suka biyo mai bizar aikin kuwa, abin mamaki, sun fi shi sakewa, domin su an yarje musu sana'ar kansu.

Akwai kuma dillalan da ke tallar wai "bizar ɗaukar nauyin kai". Babu biza mai wannan suna. Abin da ke akwai shi ne kamfani na gaske ya nemi lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje, ya nuna yana ciniki kuma zai iya biyan albashin da doka ta yanka. Mai sabuwar dabarar kasuwanci kuma akwai bizar Innovator Founder da aka fito da ita a 2023, ita ma sai wata hukuma da aka amince da ita ta sa hannu a kan tsarinsa.