Lauyan da Na'ura Ta Kai Shi Ta Baro

Yau wata kotu za mu leƙa a birnin New York na Amurka.

Wani fasinja ne ya maka kamfanin jiragen sama na Avianca a kotu, yana cewa keken rabon abinci ya buge masa gwiwa a cikin jirgi. A shekarar 2023, lauyansa Steven Schwartz, wanda ya haura shekara 30 a bakin aiki, ya nemi manhajar ChatGPT ta zaƙulo masa tsofaffin hukunce-hukuncen da zai kafa hujja da su. Nan take ta jero masa, da sunayen masu ƙara, da lambobin shari'a, har da kalaman alƙalai. Lauyoyin kamfanin suka neme su sama ko ƙasa. Ashe shida daga ciki ba a taɓa yin su ba. Ranar 22 ga watan Yuni, Alƙali Kevin Castel ya ci lauyoyin fasinjan su biyu da ofishinsu tarar dala 5,000.

To, a nan nake so ku ƙara kasa kunne. Ba wai lauyan bai yi tambaya ba ne. Ya tambayi na'urar ko shari'o'in na gaske ne, ta ce ƙwarai kuwa, shi kuma ya amince. Mai labari ya zama shaidar kansa ke nan.

Ƙirƙirarriyar basira irin wannan ta koyi magana ne daga tarin rubuce-rubuce, kuma aikinta hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa bakinta ba ya rawa ko tana kan kuskure. Da Hausa ma sai an ƙara lura, don rubutun da ta koya da harshenmu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na Turanci.

Mu kuwa ba baƙin tantance labari ba ne. Ɗalibin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an bi isnadinta: wa ya faɗa, daga wa ya ji? A ganina wannan tarbiyya ce ta fi amfani a gaban waya yau.

Ku yi ta tambayar na'urar, ɗalibai da 'yan kasuwa da malaman asibiti, tana da amfani matuƙa. Amma in ta ambaci littafi, a nemo littafin a buɗe shafin. In ta faɗi adadin maganin da za a sha, a tuntuɓi likita tukuna.