Sifaniyanci: bambanci tsakanin "fui" da "me fui"

Ɗaliban da ke koyon Sifaniyanci a makarantun sakandare na Kamaru, da 'yan kasuwar da ke tsallakawa daga Kye-Ossi zuwa Ebebiyin a Ikwatoriyal Gini, da 'yan ci-rani a Sifaniya, galibinsu wuri ɗaya suke tuntuɓe: yadda ake juya aikatau irse idan ana maganar abin da ya wuce.

Bahaushe yana da sa'a a nan, domin harshensa ya riga ya raba "je" da "tafi". Ir shi ne zuwa wani wuri. Idan aka liƙa masa se ya zama irse, ma'anar ta koma barin wuri. Fui a Bata na nufin na je Bata. Me fui de Bata kuwa, na bar Bata. Mai jin Faransanci zai tuna da aller da s'en aller.

Juyin kansa ba ya bin ƙa'ida, haddace shi ake yi. Me fui, na tafi. Te fuiste, ka tafi ko kin tafi, don Sifaniyanci bai raba namiji da mace a nan ba. Se fue, ya tafi ko ta tafi. Nos fuimos, mun tafi. Os fuisteis, kun tafi. Se fueron, sun tafi. Ana furta su kamar "fwi" da "fwe". A Latin Amurka ba a amfani da os fuisteis, ustedes se fueron ake cewa.

To daga ina "f" ta fito, alhali babu ita a cikin ir? Aro ne tun daga Latin: ir ya ɗauki siffofinsa na lokacin da ya wuce daga aikatau mai ma'anar "kasancewa". Shi ya sa fui ke nufin na je, kuma ke nufin na kasance, kamar a fui chófer, na taɓa zama direba. Tushensu ɗaya da je fus da il fut na Faransanci. 'Yar kalmar me ce ke kawar da ruɗanin, domin me fui tafiya ce kawai.

Inda Faransanci ke yaudarar mutane shi ne wajen être. Wanda ya saba da je suis parti sai ya ce me soy ido, wanda kuskure ne. Me fui ya wadatar, ko me he ido idan tafiyar ta yau ce.

Abin ya wuce jarrabawa. Jami'in shige da fice zai yi tambaya cikin girmamawa: ¿Cuándo se fue usted de su país? Wannan se fue ɗin kai ake nufi, ba wani mutum daban ba, wato yaushe ka bar ƙasarka. Amsar za ta fara da me fui, sai shekara. Wanda ya maimaita se fue a amsarsa ya ba da labarin tafiyar wani ne.

Wajen korewa, no ke zuwa gaba: no me fui, ban tafi ba. Kuma ba a sa wa fui da fue alama a ka. Hukumar Real Academia Española ta daina buƙatarta tun 1959, ko da yake har yanzu za ka ga fué a tsofaffin littattafai.