Abin Da Mai Zanen Allo Yake Gani A Isa

Duk wanda ya saba bin jaridu da gidajen rediyo a 'yan shekarun nan ya san cewa sunan Isa da na Sabon Birni ba sa fitowa sai da adadi a gefensu: mutum kaza aka kashe, kaza aka kora daji, gari kaza ya watse. Ba ƙarya ake yi mana ba, kuma ba ni da niyyar rage wa wannan labari nauyi ko da ƙwayar zarra. Sai dai akwai wani lissafi da ba ya isa teburin edita, wanda sana'ata ta sa nake riƙe da shi. Ni mai zane ne. Allunan shaguna nake rubutawa, da bangon makarantu, da bayan motocin ɗaukar kaya, da allon zayyana idan lokacin sauka ya zo. Mai shirin buɗe wata harka a garin nan yakan biyo ta zaurena tun kafin ya kasa kaya, saboda haka sau da yawa nakan san wanda ya yi niyyar zama tun maƙwabtansa ba su sani ba.

Gidana yana gefen gari, a irin unguwannin nan da gini yake ƙarewa gona ta fara, inda za ka ga katangar bulo tana jingine da dangar kara. A da, zama a nan gata ne: ga iska, ga fili, ga inuwar dogonyaro. Yanzu kuwa mutanen gefen gari su ne farkon jin ƙarar babur da dare, su ne kuma na ƙarshen yin barci. Duk da haka gari yakan waye, kuma idan ya waye akwai aiki.

Aikin fenti aikin safe ne. Daga idar da sallar Asuba zuwa hantsi shi ne lokacin da hannu yake natse, iska ba ta tashi ba, haske kuma bai yi ƙarfin da zai ruɗi ido ba. Kowane yanayi da irin rigimarsa. Da hunturu, ƙura takan sauka a kan ɗanyen fenti ta bar shi kamar an barbaɗa masa gari, dole a juya allo ya fuskanci bango. Da bazara, fenti yana bushewa a bakin buroshi kafin a kai ƙarshen baƙi. Damina ce mai saukin kai, in ban da hadarin da yakan taso ba sallama. Abu na farko a kowane aiki shi ne bugun zare: a shafe zare da garin alli ko bula, a ɗame shi daga gefe zuwa gefe, a ɗaga tsakiyarsa a saki. Sai ka ji "tas", ka ga layi miƙaƙƙe ya kwanta a kan kwano. Na fi shekara ashirin ina jin wannan ƙara, har yau ba ta gundure ni ba.

Gwangwani biyar nake ajiyewa: ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi. Duk sauran launuka daga cikinsu suke fitowa, kuma a nan ne nake ganin hikimar Bahaushe, domin bai raɗa wa launi suna ba sai da ya duba abin da yake gabansa. Mai shago ba ya zuwa da lambar fenti. Cewa yake yi a yi masa ruwan goro, ko ruwan ɗorawa, ko ruwan toka, ko ruwan hanta, ko ruwan ƙasa. Idan na ɗiga ja a cikin rawaya ina motsawa da tsinke har ya kai daidai inda mai aikin zai ce "yauwa, shi ke nan", nakan ji daɗin da ban san da me zan kwatanta shi ba, sai dai ko da na mai girki da gishirinta ya zo daidai.

Allo a garinmu yana da masu karatu iri uku, kuma wajibi ne ya yi magana da kowannensu. Akwai mai karanta boko, akwai mai karanta ajami, akwai kuma wanda hoto ne kaɗai karatunsa. Wannan na ukun shi ne ya mayar da ni mai zane, da ba don shi ba da marubucin baƙaƙe kawai zan zama. Wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli ta taɓa taƙaita mini darasin a zaure. Ta ce: "Ɗana, ni ban san boko ba, masu saye ma ba duka suka sani ba. Kwalba za ka zana, ka cika ta har wuya, kar a ce Inna tana tauye awo." Na cika mata kwalba har wuya. Tela yana son keken ɗinki da almakashi, mai kemis yana son kwalbar magani da ƙwayoyi, mai faci yana son taya da famfo, mai shayi kuma ba ya yarda sai ya ga tururi yana tashi daga bakin buta.

Mai karatu zai iya tambaya: to ina maganar hoton abu mai rai, wanda malamai suka yi gargaɗi a kansa? Tambaya ce da kowane mai zane a ƙasar Sakkwato ya sha ta. Ni dai hanyar da na ɗauka ita ce in zana kayan aiki in bar mai aikin. Mahauci yana samun wuƙa da tsinken tsire da tire, mai aski yana samun aska da madubi da siffar aski ba fuska. Wasu suna ganin wannan takura ce. A wurina ita ce ta koya mini kallo, domin wanda aka hana zana fuskar maƙeri dole ya san yadda uwar maƙera da zugazugi suke, ya san su sosai.

Akwai wani ɗan ƙaramin jin daɗi da nake ɓoyewa a kusan kowane allo, wato lanƙwasa. Tun shekarun 1930 aka shigar da baƙaƙen nan masu ƙugiya cikin rubutun Hausa na boko, amma har gobe yawancin abin da injin yake bugowa babu su. Sai ka ga an rubuta "dakin baki" a inda ake nufin ɗakin baƙi, ko "kafa" a inda ake nufin ƙafa. Buroshi ba shi da wannan uzuri. Juyi ɗaya na wuyan hannu ya isa ya ɗora wa ƙ ƙugiyarta. Ba wanda ya taɓa ƙara mini ko sisi saboda ita, amma malaman makaranta sukan lura, su tsaya su yi murmushi.

Mafi soyuwar aiki a gare ni shi ne wanda ba a cinikinsa. Idan yaro ko yarinya suka kammala izu 60, akan kawo sabon allo a yi masa zayyana domin ranar sauka. Rubutun Fatiha da farkon Baƙara na malaminsu ne, ba na shiga hurumin da ba nawa ba. Nawa shi ne ado: da'irori, da murabba'ai masu shiga juna, da saƙar layukan da ba a gane inda suka fara. A nan ba buroshi, sai alƙalamin gamba da tawada mai ƙaro. Nakan yi alwala in zauna a tabarma, in kwashe kwana biyu ko uku a kan allon da bai fi kamu biyu ba. Bakin kofin shayi shi ne ma'aunin da'irata. Ladan aikin kuwa goro ne da akushin waina da addu'ar iyaye, wani lokaci da ɗan abin da ya sawwaƙa. Idan na ga an ɗauko allon ana zagaya dangi da shi, nakan tuna cewa sana'ar nan ba gwangwanin fenti ne ya kawo ta ƙasar Gobir ba. Tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808 akwai masu zanen ƙwarya, da masu fitar da aska a wuyan riga, da magina masu ƙawata bango. Kai, zanen farko da da yawa daga cikinmu suka buɗe ido suka gani shi ne na wanzami a kumatun kakanni, shida a gefe ɗaya bakwai a ɗayan, wanda abokan wasanmu Yarabawa ba sa gajiya da tsokanarmu a kansa.

To, bari in koma ga lissafin da na ambata. Ina da littafi da nake rubuta kowane aiki a ciki, da ranarsa, da abin da aka biya, da abin da ya saura. Wanda ya buɗe shi zai karanta tarihin garin nan ba tare da ya ga kalmar hari ko sau ɗaya ba. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da tamu, shafukan nan fari fat suke. Haka suke a Disambar shekarar, bayan an ƙona matafiya a cikin mota a yankin Sabon Birni. Haka kuma a Agustan 2024, da labarin rasuwar Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya iso daga hannun waɗanda suka sace shi. Ba wanda yake sayen allo a ranar da bai tabbatar da gobensa ba. Allon shago ba abinci ba ne, ba magani ba ne, ana iya rayuwa babu shi. Mutum ba ya fitar da kuɗi a rubuta sunansa a kan kwano ya kafe a ƙofa sai ya ƙudurta a ransa cewa yana nan.

Shi ya sa nake ɗaukar dawowar aiki da muhimmanci. Bayan ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, haruffan da na fi rubutawa su ne POS, har hannuna ya haddace su. Sai masu cajin waya da hasken rana, sai masu injin markaɗe. Da yawa daga cikin masu waɗannan ayyuka mutanen ƙauyuka ne da suka baro gonakinsu. Wasu 'yan'uwansu sun tsallaka iyaka zuwa yankin Gidan Rumji a jihar Maraɗi, su kuma suka tsaya a nan.

Wani tela daga cikinsu ya zo mini da tsohon allonsa ɗaure a bayan keke. Da katifa da keken ɗinki da allon nan, su ke nan abin da ya fito da shi. Fentin ya koɗe, yana so a sabunta. A ƙasan allon akwai sunan ƙauyensu, wanda a lokacin ko kaza babu a cikinsa. Na ce: "Malam, in goge sunan garin in sa Isa?" Ya yi shiru yana kallon allon. Can ya ce: "A'a Malam, bar shi inda yake. Ka dai ƙara a ƙasa, ka ce reshen Isa." Haka na rubuta. Rumfar kara ce a bakin hanya, faɗinta bai wuce tabarma biyu ba, kuma har yau allonta yana cewa reshe ce.

Ba rashin tsaro ne kaɗai yake cin sana'ar nan ba. Akwai fileks, wato ledar nan da injin yake bugawa daga kwamfuta. Ba zan zalunce ta ba: tana da sauri, tana fitar da hoto tamkar na kyamara, kuma matasan da suka koyi tsara ta su ma masu zane ne, kayan aiki ne suka bambanta. Amma ranar Isa ba ta raga mata. Kafin shekara ta zagayo jan ya koma ruwan hoda, iskar farkon damina kuma ta yayyaga abin da ya saura, alhali allon kwano mai fentin mai yakan shekara da shekaru, in ya koɗe a sake shafa shi. Sa'annan kuɗinta ba a nan yake kwana ba. A zaɓen 2023 an lulluɓe garin nan da hotunan 'yan takara, kusan dukkansu a ɗaure aka sauke su daga manyan birane. Abin da ya iso zaurena rubutun bango ne na wani ɗan takara, kuma cikon kuɗinsa yana nan a littafina yana jiran zaɓe mai zuwa. Ga tsadar kaya: tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, fetur ɗin da ake tsinka fenti da shi da kuɗin motar da take kawo gwangwanin duk suka bi ta. Hanyar Shinkafi, da kasuwarta ta ranar Alhamis, wadda a da ba a ɗauke ta tafiya ba, yanzu sai an yi tambaya kafin a hau ta.

Roƙona ga majalisun ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni, da kwamitocin makarantu, da masu kula da asibitoci, ba na tallafi ba ne. Aiki ne da dama ake bayarwa: allon makaranta, sunan ɗakin magani, sanarwar rigakafi, taswira a bangon aji. A riƙa ba masu zanen gida kasonsu, a kuma sa sharaɗin cewa duk wanda ya karɓi aikin ya ɗauki yaro ko biyu ya koya musu. Bangon aji ma ya fi kowane wuri bukata. Littafi yana yagewa, yana ɓacewa a gudun hijira, amma taswirar Nijeriya da jihohinta 36 da aka zana a bango tana nan tana koyarwa ko ranar da malami bai samu zuwa ba. Idan na zana ta, nakan ɗiga wa Isa ɗigo a can kusurwar gabashin Sakkwato, dab da layin da aka ja a 1996 wanda ya mayar da Shinkafi Zamfara, kuma ɗigon nan yakan ɗan fi girman da masana taswira za su amince da shi.

Yara biyu nake koyarwa yanzu. Ɗaya ɗan unguwa ne, ɗaya kuma cikin masu gudun hijira na same shi, yana zana babura da gawayi a jikin katangata, kowanne da mutum uku a kai. Ban hana shi ba, na dai miƙa masa alli na ce ya zana mini butar shayi. Wata huɗu ya yi yana wankin buroshi da bugun zare. A makon jiya na ba shi aikinsa na farko, allon wata mai ƙosai. Kaskon nasa ya ɗan karkace hagu, amma ƙugiyar ƙ ta zauna daidai, mai ƙosan kuma ta biya ba ta nemi ragi ba.