Bishiyar Shawara da Lissafin Yiwuwa: Misali Daga Gonakin Dutsin-Ma da Kurfi

Kowace shekara, in bazara ta kama a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi, manomin gero yakan tsaya tsakanin shawara biyu: ko ya yi binne tun ruwa bai sauka ba, ko kuwa ya dakata sai damina ta zauna. Ko da yake an gama madatsar ruwa ta Zobe a kan kogin Karaduwa a 1983, yawancin abincin ƙasar nan har yanzu da ruwan sama ake nomansa. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 sun san nauyin wannan shawara.

Masana lissafi suna da wata dabara ta auna irin wannan al'amari, wadda ake kira bishiyar shawara. Asalin ilmin yiwuwa kuwa yana komawa ga wasiƙun da Pascal da Fermat, mutanen Faransa, suka yi wa juna a 1654. Akan zana gindi, watau shawarar, sa'an nan a fitar da rassa, kowane reshe da abin da zai iya aukuwa. Ka'idodinta biyu ne. In ana bin reshe daga gindi zuwa ƙarshe, ninka yiwuwa ake yi. In an tara yiwuwar dukan rassan shawara guda, lalle ne ta cika 1 daidai.

Ga misali, amma adadin na ƙaddarawa ne kawai. A ce wanda ya yi binne, sau 6 cikin 10 ruwa yakan ɗore, ya sami dami 100. Sau 4 cikin 10 ruwa yakan ɗauke, tsiro ya ƙone, ya sake shuka a makare. Nan reshe ya sake rabuwa biyu daidai: in damina ta yi tsawo ya sami dami 70, in ta gajarta ya sami 30. Yiwuwar kowane ɗayansu ita ce 0.4 sau 0.5, watau 0.2. Mai dakatawa kuwa, rabi da rabi ne: ko dami 90, ko 60.

Jadawalin kwamfuta, wanda ya fara bazuwa da VisiCalc a 1979, Excel kuma ta biyo baya a 1985, gidaje ne a jere kamar na dara. Kowane reshe layi guda. A gidan B a sa yiwuwar farko, a gidan C ta biyu, reshen da bai sake rabuwa ba a sa masa 1. A gidan D a rubuta =B2*C2, a gidan E yawan dami, a gidan F a ninka D da E. In an tara F, binne zai ba da 60 da 14 da 6, jimla 80. Dakatawa kuma 45 da 30, jimla 75.

Babban amfanin jadawali shi ne, da an sāke adadi ɗaya sai sauran su gyaru nan take. In aka mai da 0.6 ta zama 0.5, binne zai sauko 75, su yi kunnen doki da dakatawa. Ƙasa da haka, dakatawa ta fi.

Amma fa matsakaici ba shi ne abin da ke shiga rumbu ba. Magidancin da iyalinsa ke cin dami 50 a shekara, in ya yi binne, shekara 1 cikin 5 zai tashi da 30 kaɗai, ya sayar da akuya ko ya ci bashi. In ya dakata, mafi ƙarancin abin da zai samu 60 ne. Saboda haka mai tsohon hatsi a rumbu yana iya yin binne, wanda ba shi da ajiya kuwa haƙuri ya fi masa.

Jadawali ba ya ƙirƙiro sani. Abin da aka zuba masa shi yake juyawa. Don haka aikin da ya kamaci ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, shi ne su haɗa awon ruwan sama na shekaru da abin da dattawan ƙauyuka suka riƙe, domin adadin da za a sa a gidan B ya zama na gaskiya.