Tibi, Garken da Ake Kiwo Cikin Kwalba

Matar makiyayi ba ta rabuwa da irin nono. In ta tatso madara ta dafa, sai ta bar ta ta huce, ta zuba mata ɗan ragowar nonon jiya. Kafin gari ya waye madara ta yi barci. Abin da ya sa ta barci, waɗansu ƙananan halittu ne masu rai da ido ba ya gani. Su ne ke cin zaƙin madara, su mai da shi tsami.

A ƙasar Meksiko, wadda take kudu da Amurka, akwai wani iri mai aiki kamar wannan. Amma shi ba madara yake ci ba, ruwan sukari yake ci. Mutanen can suna ce masa tibi, ko tibikos. Faransawa suna ce masa kefir na ruwa, ko kefir na ƴaƴan itace. Shi wannan iri ana ganinsa da ido, ana ɗibarsa da cokali. Ƙwayoyi ne masu sheƙi kamar guntayen ƙaro, masu laushi in an matsa su da yatsa. Wata ƙwaya kamar ta dawa, wata ta kai ta gujiya. In an zuba su cikin ruwan sukari, bayan kwana ɗaya ko biyu ruwan ya zama abin sha mai ɗan tsami, mai kumfa kamar lemun butali.

A shekarar 1899 wani masani mai suna Lutz ya rubuta labarinsu. Ya ce ana samunsu a jikin wani tsiro mai faɗin ganye da kauri da ƙaya, wanda mutanen Meksiko ke kira nopal. Kafin shi, a 1892, wani masanin tsirrai na Ingila mai suna Marshall Ward ya binciki irin waɗannan ƙwayoyi da mutanen ƙasarsa ke haɗa ruwan citta da su. Tun wancan zamani daga hannu zuwa hannu suke tafiya: maƙwabciya ta ba maƙwabciya, matafiyi ya kai wata ƙasa cikin ƴar kwalba. Yau har sayar da su ake yi ta intanet.

Kada a haɗa su da kefir na madara. Wancan daga duwatsun Kokas ya fito, fari ne kamar guntun cuku, kuma madara ce abincinsa. Makiyayin da ya samu tibi ya zuba shi cikin ƙwaryar nono, asara ya yi, don ba zai yi ƙiba a ciki ba.

Mene ne cikin ƙwayar?

Kowace ƙwaya gida ce. A cikinta da bayanta akwai dubban dubbai na ƙananan halittu iri biyu. Akwai bakteriya masu kawo tsami, dangin waɗanda ke cikin nono da gasarar koko. Akwai kuma yis, wato abin da ke kumbura burodi, shi ne ke kawo kumfa. Gidan kansa, ɗaya daga cikin bakteriyar ce ke gina shi, kuma da sukari take ginin. Shi ya sa ƙwayoyi masu lafiya suke ƙaruwa. Cokali 4 na yau, cikin mako ɗaya ko biyu yana iya zama cokali 8.

To, ga inda mutane da yawa ke kuskure. Suna ɗaukar tibi kamar gishiri ko kanwa, abin da za a ajiye a lungu sai ranar da aka tuna da shi. Ba haka ba ne. Garke ne. Yana son abinci a kan lokaci, yana son ruwa mai kyau, yana son inuwa, yana son turke mai tsabta. In ya rasa ɗaya daga ciki sai ya rame, ya daina haihuwa, daga nan ya mutu.

Abinci

A litar ɗaya ta ruwa ana sa sukari giram 60 zuwa 80. In sukarin kwali ne mai ƙwaya, wajen ƙwaya 10 zuwa 13 ke nan. Sai a zuba tibi babban cokali 3 ko 4. Wani zai ce sukarin ya yi yawa, bari ya rage don tsimi. Sukarin nan ba na mai gida ba ne, na garke ne. Su za su cinye mai yawa daga ciki kafin a sha. Wanda ya rage musu, daidai yake da mai ɗaure tunkiya ya hana ta harawa, sa'an nan ya zauna jiran ƙiba.

Amma farin sukari shi kaɗai ba ya riƙe su. An tace shi har ba abin da ya rage a ciki sai zaƙi. A Meksiko da wani jan sukari na rake ake kiwonsu, wanda ake dafawa a daskarar da shi dunƙule-dunƙule. Sunansa pilonsiyo. Duk wanda ya gan shi zai ce mazarƙwaila ce, kuma bai yi ƙarya ba, aikin ɗaya ne. Saboda haka mai mazarƙwaila yana da abin da ya fi dacewa. Yana iya haɗa ta da farin sukari, ita kaɗan, shi da yawa. In ya ga ƙwayoyin sun fara yauƙi kamar miyar kuɓewa, to ta yi musu yawa, sai ya rage.

Faransawa kuwa busasshen ɓaure guda ɗaya ko biyu suke jefawa, da yankin lemun tsami. Ɓauren ne ke ba ƙwayoyin abincin da babu cikin sukari. Yana kuma da wani amfani: da farko yana nutsewa ƙasa, in kumfa ta cika shi sai ya taso sama. Nan mai shi zai gane aiki ya yi nisa, lokacin tacewa ya yi kusa. Inda babu irin wannan ɓaure, dabino ko zabibi suna yin aikin. A wanke su tukuna.

Zuma fa? Ba ta dace ba, ko da take abu mai daraja. Dalili biyu ne. Zaƙin da ke cikin zuma ba irin wanda bakteriya ke gina gida da shi ba ne, na rake take bukata. Na biyu, zuma tana da ƙarfin hana ƙananan halittu yaɗuwa. Mai son ɗanɗanonta ya sa a kofinsa bayan an tace.

Ruwa

Ruwan pampo na birni ana sa masa magani, dangin ruwan jabel, don a kashe ƙwayoyin cuta. Wannan alheri ne ga mutane. Amma maganin bai san na gida da baƙo ba, yana raunana tibi kamar yadda yake kashe cuta. Haka ruwan da aka jefa wa ƙwayar tsabtace ruwa. Ruwan tabki da na rijiya marar murfi kuwa, nasu haɗarin ya fi: suna kawo baƙin halittu cikin kwalba, su ɓata iri, su sa wa mai sha zawo. Kada wani ya ce ai tsami zai kashe su. Ba duka yake kashewa ba.

Hanya guda ta raba gardama. A tafasa ruwan, a rufe, a bari ya huce sarai kafin a zuba ƙwayoyi. Ruwa mai zafi yana kashe su nan take. In yatsa ya ji ɗumi sosai, a ƙara jira.

Akwai wani abin mamaki. Ruwan sama da aka tara, ko da yake mai daɗin sha ne, ba ya sa su ƙiba kamar ruwan rijiya. Masu bincike a ƙasar Beljik sun nuna a 2019 cewa ƙwayoyin sun fi girma cikin ruwa mai sinadarin kalsiyom, wanda ke cikin farar ƙasa da ƙashi da ɓawon ƙwai, kuma ruwan da ba ya saurin yin tsami. In tsami ya yi yawa, ginin gida yana tsayawa. Shi ya sa waɗansu ke jefa ɗan guntun ɓawon ƙwai da aka wanke aka tafasa. Guntu kamar farcen yatsa ya isa litar ɗaya.

Zafi, babban abokin gaba

Tibi ya fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana tsakanin 20 da 28. A irin wannan yanayi kwana biyu ake ba shi. To a Maraɗi da Damagaram da Tawa, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yana wuce 40 da rana. A nan ne wanda ya samu irin zai sha wuya.

Cikin zafi halittun suna ci da gaggawa. Abincin kwana biyu sai su gama shi cikin yini da dare, ko ƙasa da haka. Daga nan suna zaune cikin tsami mai ƙarfi, ga yunwa. Ƙwayoyi su fara farfashewa, su koma kamar tsaki, su riƙa wucewa ta rariya. Mai shi yana ganin ya bi ƙa'ida, kwana biyu aka ce, alhali ƙa'idar ta ƙasa mai sanyi ce.

Maganin abin, kada a ƙidaya kwana, a ɗanɗana. In zaƙi ya ragu, tsami ya fara fitowa, a tace a sake musu sabon ruwan sukari, ko da kullum ne. Sa'an nan a nema musu wurin da ya fi sanyi a gida, kuma kowace mace ta san shi: gindin randa. A sa kwalbar cikin kasko mai ruwa, ko a binne rabinta cikin jiƙaƙƙen yashi, a lulluɓa mata jiƙaƙƙen ƙyalle. Yadda iska ke sanyaya ruwan tulu, haka za ta sanyaya ta. Rana kada ta taɓa kwalbar ko kaɗan.

Da ɗari abin yana juyawa. Suna yin nawa, har kwana uku. A naɗe kwalbar da tsumma, a shigar da ita ɗaki.

Mazubi da tsabta

Kwalba mai faɗin baki ta fi komi. Tukunyar alminiyom da kwanon da ya yi tsatsa ba su dace ba, don tsami yana cin ƙarfe, ƙarfen ya shiga abin sha. Ƙwaryar da aka saba sa nono ma a bar ta ga nono. Rariya ta roba, cokali na itace ko na roba. A wanke hannu da sabulu, a ɗauraye kwalba har ƙamshin sabulu ya fita. Bakin kwalba a rufe shi da ƙyalle mai tsabta, a ɗaure da zare, don ƙuda da tururuwa suna son zaƙi. Su kansu ƙwayoyin ba a wanke su kullum. Sai in sun yi yauƙi, a ɗauraye su da tafasasshen ruwa mai sanyi.

Lafiyayyen tibi yana ƙamshin tsami mai daɗi, ana ganin kumfa tana tasowa, wata ƙwaya ta hau sama ta sauko. In aka ga fumfuna a saman ruwa, baƙa ko koriya ko mai gashi-gashi, ko aka ji warin ruɓa, a zubar da duka, har ƙwayoyin. Ba a ceton irin da ya yi fumfuna.

Maganar da ba a ɓoyewa

Yis ba kumfa kaɗai yake fitarwa ba. Yana fitar da sinadarin da ke sa maye a cikin giya. In an tace da wuri kaɗan ne ƙwarai. In aka ƙara sukari, aka bar shi kwanaki, ko aka toshe shi cikin butali a wuri mai zafi, yana iya kai kashi 2 ko 3 cikin 100. Littattafan fiƙihu sun daɗe da yin magana a kan ruwan jiƙon dabino da zabibi, wanda ake sha kafin ya juya. Hukunci na malamai ne, kuma ya kamata mai niyyar kiwon tibi ya fara zuwa wurinsu, ya gaya musu yadda abin yake ba tare da ragi ba. Butalin da aka toshe yana da wani haɗarin kuma: kumfa tana taruwa har ya fashe, kwalba ta yanki yaro.

Masu talla suna cewa tibi yana maganin cuta kaza da kaza. A yi hattara da bakin mai talla. Abin sha ne. Yaro mai zawo, ruwan gishiri da sukari na likita yake bukata, a kuma kai shi asibiti. Jariri ba a ba shi. Mai ciwon sukari ya sani akwai sauran zaƙi a ciki.

In za a yi tafiya

Lokacin shuka ko girbi, ko in za a tafi cin rani, ba mai sukunin tacewa kullum. Mai firigo yana iya zuba su cikin sabon ruwan sukari ya rufe, su yi mako biyu ko uku suna barci. Wanda ba shi da firigo sai ya busar da su. A ɗauraye, a baza a kan ƙyalle mai tsabta cikin inuwa inda iska ke ratsawa, a rufe da wani ƙyalle marar kauri saboda ƙura da ƙuda. Bayan kwana 3 zuwa 5 za su ƙanƙance su yi tauri kamar tsakuwa. Lokacin ɗari ya fi dacewa da wannan aiki, don da damina raɓa tana kawo fumfuna. A zuba su cikin busasshiyar kwalba, a toshe. Suna kai wata 6.

Ranar da za a tashe su, a jiƙa su cikin ruwan sukari da dabino guda. Ruwan farko da na biyu a zubar, a sake sabo. Wani lokaci sai sun yi mako guda ko fiye kafin kumfa ta dawo, kuma ba duka ke farfaɗowa ba. Don haka masu aikin ba su busar da garke duka a lokaci ɗaya. Suna raba shi biyu, su bar rabi a hannun maƙwabci yana ci gaba da ba shi abinci har su dawo.