Hawan laima a saman teku: abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya biya kuɗi

Daga garin Tanut zuwa bakin teku mafi kusa akwai tazarar sama da kilomita 1,000. Duk da haka ba a rasa ƴan Damargu da ke tsintar kansu a gaɓar ruwan gishiri: ɗan kasuwar da ya je saro kaya Dubai, ɗalibar da ke karatu a Tunisiya ko Turkiyya, magidancin da ya raka ɗan'uwa neman magani, amarya da angon da suka fita hutu. A irin waɗannan wurare, wani abu da kan ja hankalin baƙo shi ne wata babbar laima mai launuka da jirgin ruwa ke ja da igiya, mutum biyu na reto a ƙarƙashinta can sama. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana rubuta parachute ascensionnel a allon masu sana'ar, a sauran wurare kuma parasailing.

Wasan ba ya buƙatar gwaninta ko ƙarfi daga mai hawa, kuma mafi yawan waɗanda suka yi shi suna sauka lafiya. Sai dai da zarar ƙafa ta bar jirgi, babu abin da ke hannun mutum. Ransa na rataye ne a kan abu uku: igiya, iska, da hankalin matuƙi. Saboda haka duk wani aikin mai hawa yana ƙarewa ne tun yana ƙasa.

Mene ne shi, kuma daga ina ya samo asali?

Ya kamata a bambanta shi da abubuwa biyu da suka yi kama da shi. Na farko shi ne dirowar sojojin laima, waɗanda ke faɗowa daga jirgin sama sannan laimar ta buɗe. Na biyu shi ne laimar da mutum ke tuƙawa da kansa, wani lokaci da ɗan inji goye a baya, irin wadda ɗan Amurkan nan mai ɗaukar hoto, George Steinmetz, ya yi amfani da ita wajen ɗaukar hotunan hamadar Tenere daga sama a ƙarshen shekarun 1990. A hawan laima na teku ba a dirowa daga ko'ina, ba a kuma tuƙi. Jirgin ruwa ne ke ja, iska ta cika laimar ta ɗaga ta, kamar yadda guguwa ke ɗaga tabarmar rumfa in an ɗaure gefe guda.

Wani Bafaranshe mai suna Pierre-Marcel Lemoigne ne ya ƙera irin wannan laima a farkon shekarun 1960. Ya yi mata tsage-tsage ta yadda iska za ta riƙa fita ta baya, abin da ke sa ta hau sama in an ja ta, maimakon ta sauka kawai. Da farko da mota ake jan ta a ƙasa, don horar da masu koyon dirowa. A shekarun 1970 ne aka mayar da ita wasan masu yawon buɗe ido, musamman bayan da wani Ba'amurke, Mark McCulloh, ya fito da jirgin ruwa mai injin naɗe igiya, wanda ke ba da damar tashi da sauka a kan jirgin kansa. Yau ana samun wasan a Hammamet da Sousse da Jarba a Tunisiya, a Sharm el-Sheikh da Hurghada a Masar, a Antalya ta Turkiyya, a Dubai, a Zanzibar da tsibirin Moris, har zuwa Tailan da Malesiya.

Yadda fitar ke gudana

A inda ake aiki da tsari, ana fara tambayar nauyin kowa, domin kowace laima na da mafi ƙarancin nauyi da mafi yawan da za ta ɗauka, kuma wannan na sauyawa da ƙarfin iskar ranar. Shi ya sa ake yawan haɗa mutum biyu. Yaro ko mace marar jiki ba za su iya hawa su kaɗai ba in iska na da ƙarfi, ƙattai biyu kuma za su iya yi wa laimar yawa in iska ta kwanta. Matuƙi ne ke yanke hukunci a kan haka. Wanda ba ya son a haɗa shi da baƙon da bai sani ba, ko matar da ba za ta hau da kowa ba sai mijinta ko ƴar'uwarta, sai su faɗa tun kafin a karɓi kuɗi.

Daga nan a sa wa kowa rigar ceto, a kuma ɗaura masa ɗamara mai madauri da ke bi ta ƙugu da ƙarƙashin cinyoyi, ta zama kamar wurin zaman lilo. Jirgin kan ɗauki mutane da dama, a riƙa hawa bi da bi. In layi ya zo kan mutum biyu, sai su zauna a dandamalin bayan jirgi, ma'aikaci ya maƙala ƙugiyoyin ɗamararsu a wata sandar ƙarfe da ke haɗe da laimar. Jirgi ya fuskanci iska ya ƙara gudu, injin ya fara sakin igiya a hankali, sai kawai su ga dandamali na nisa da ƙafafunsu. Ba gudu, ba tsalle.

Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne shirun da ke sama. Ƙarar inji na raguwa, mutum biyun na iya hira ba tare da ɗaga murya ba, kuma ba a jin irin faɗuwar gaban da ake ji a lilon wuraren wasan yara. Tsayin da ake kaiwa ya danganta da tsawon igiya da iska, amma kullum bai kai tsawon igiyar ba, tun da a karkace take. A Amurka dokar sufurin sama ta taƙaita shi a ƙafa 500, wato kimanin mita 150. Zaman saman kan ɗauki minti 10 zuwa 15 galibi, ko da yake dukan fitar na iya cin sa'a guda ko fiye, saboda jiran sauran mutane. Wanda jirgin ruwa ke sa wa jiri ya san da wannan: wahalar ta fi yawa a cikin jirgi, ba a sama ba.

Kafin sauka, wasu matuƙa kan rage gudu har ƙafafun masu hawa su taɓa ruwa, sannan su sake ɗaga su. Wannan ba dole ba ne, ana iya cewa ba a so. A ƙarshe injin ya naɗo igiya, su dira a tsaye a kan dandamalin da suka tashi.

Akwai wata hanyar ta daban da har yanzu ake bi a wasu gaɓoɓin, inda ake tashi daga kan rairayi: mai hawa ya yi ƴan taku da gudu, jirgi ya fizge shi sama, a dawowa kuma a ce ya ja wata igiya don ya sauka a bakin gaɓa. Wannan ta fi haɗari, domin saukar na faruwa ne kusa da mutane, itatuwa da gine-gine, kuma ta dogara da wanda bai taɓa yi ba. In akwai zaɓi, jirgi mai dandamali ya fi.

Igiya

Mutumin Tanut ko Belbeji ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan igiya. A ƙasar da rijiyoyi ke da zurfin da sai raƙumi ko sa ya yi doguwar tafiya kafin guga ya fito, kowane makiyayi ya san rana da rairayi na cin igiya, ya san wurin da take gogar itacen bakin rijiya ne ke fara lalacewa, ya kuma san ba ta yin sallama ranar da za ta tsinke. Haka abin yake a teku, sai dai a can an ƙara da gishiri.

A shekarar 2014 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto na musamman a kan wannan sana'a, wadda aka ƙiyasta mutum miliyan 3 zuwa 5 na shiga a kowace shekara a ƙasar. Binciken ya nuna cewa lalacewar kayan aiki, musamman tsinkewar igiya a cikin iska mai ƙarfi, na cikin manyan musabbabin munanan haɗurra, kuma ƙullin da masu jiragen suka saba yi a bakin igiya na iya rage mata ƙarfi da kusan kashi 70 cikin 100, ko da sabuwa ce. Hukumar ta kuma lura cewa babu wata dokar tarayya da ta tilasta duba kayan ko ba matuƙa horo na musamman. In haka lamarin yake a Amurka, bai kamata matafiyi ya ɗauka cewa a wata gaɓar akwai jami'in da ya duba masa igiya ba. Shi zai duba da idonsa: igiyar da ta koɗe, ta yi gashi-gashi ko ta yi tauri, ɗamarar da ɗinkinta ya fara warwarewa, ƙugiya mai tsatsa, duk dalilai ne na fasawa.

Iska

Ƙarfin da ke kan igiya ya haɗa gudun jirgi da gudun iska. In iska ta tashi farat ɗaya, laimar kan ja da ƙarfin da injin ba zai iya naɗo ta ba, wani lokaci har ta riƙa jan jirgin baya. In igiya ta tsinke a lokacin da iska ke kwance, laimar na sauka ne sannu a kan ruwa, jirgi ya zo ya ɗauki mutane. In ta tsinke a cikin iska mai kaɗawa zuwa tudu, labari ya sha bamban. A watan Yulin 2013, a gaɓar Panama City ta jihar Florida, iska ta kwashi wasu ƴan mata biyu bayan igiyarsu ta tsinke, ta buga su da wani dogon bene, suka ji munanan raunuka. A watan Mayun 2022, a tsibiran Keys na wannan jihar, iska ta fi ƙarfin wani jirgi, matuƙin ya yanke igiyar, laimar ta ja wata mata da yara biyu a kan ruwa har ta buga su da wata tsohuwar gada. Matar ta rasu.

Jihar ta Florida ta kafa doka a 2014, mai suna White-Miskell, wadda ta hana tashi in iska mai ɗorewa ta wuce kimanin kilomita 32 a sa'a, ko bugunta ya wuce kilomita 40, ko hazo da ruwan sama sun hana ganin abin da ke nisan mita 800, ko ana walƙiya a cikin tazarar kilomita 11. Dokar ba ta aiki a Jarba ko Zanzibar, amma alƙalumanta ma'auni ne da kowa zai iya riƙewa. Wanda ya tashi a Damargu ya san yadda hadari ke haɗuwa a gabas, iska ta yi tsit, sannan ta taso da ƙura cikin ƴan mintoci. A teku ma haka take yi. In sama ta yi duhu a gefe guda, ko ruwa ya fara farin kumfa a kan igiyoyinsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A wurare da dama safiya ta fi kwanciyar iska.

Matuƙi

Abu na uku shi ne mutumin da ke riƙe da sitiyari. Ana gane na kirki tun a ƙasa: yana da takardar izini da inshora kuma ba ya jin haushi in an nemi gani, yana da mataimaki aƙalla guda da ke lura da laimar, yana bayanin alamun hannu da abin da za a yi in an faɗa ruwa, yana nisantar gaɓa, gadoji da wayoyin lantarki, kuma yana iya cewa yau ba za a fita ba. Dillalin da ke bin baƙi a rairayi yana karya farashi ba shi ne zai tuƙa jirgin ba. Araha ba ta ado. Ya kamata a tsaya a kalli yadda jirgin ke tashi da sauke wasu kafin a yanke shawara, a kuma tambayi ko kuɗin ya haɗa da hotuna, da abin da zai faru in an soke fitar saboda iska.

Shirin mai hawa

Ba sai mutum ya iya iyo ba, tun da akwai rigar ceto, amma wajibi ne ya gaya wa ma'aikatan cewa bai iya ba, kada kunya ta hana shi. Ya tabbata rigar ta kama shi sosai, ba ta zamewa sama in an ja ta. Babbar riga, rawani, zane da dogon mayafi ba su dace da wurin ba, domin madaurin na bi ta tsakanin cinyoyi, kuma tufa mai yawo na iya sarƙewa da ƙugiya. Wando da riga mai kama jiki sun isa, mace kuma ta sa wando mai kauri da ƙaramin hijabi ta cusa bakinsa cikin rigar ceto. Waya, takalmi, hula da fasfo a bar su a ƙasa. A sama kuma ba a taɓa ƙugiya, ba a lilo da gangan.

Masu sana'ar ba sa ɗaukar mace mai ciki, kuma mai ciwon zuciya, ciwon baya ko wuya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, su ma su haƙura. Wannan ya shafi musamman waɗanda neman magani ne ya kai su ƙasar. Takardar da ake ba mutum ya sa hannu kafin hawa galibi tana sauke wa kamfani wani ɓangare na alhaki ne, don haka a nemi wanda zai fassara ta. Inshorar tafiya da ake saye don neman biza ma sau da yawa ba ta biyan raunin da aka samu a irin waɗannan wasanni, sai an karanta sharuɗɗanta.

Wanda ya duba igiya, ya dubi sama, ya gamsu da matuƙi, zai iya hawa da kwanciyar hankali ya ga teku kamar yadda shaho ke ganin daji. Wanda ɗaya daga cikin ukun bai kwanta masa ba, ya riƙe kuɗinsa ya dawo washegari.