Yadda Ake Ɗaukar Hoton Fure Daga Kusa

Kullum ta gefen lambun makaranta muke bi in za mu aji, amma da za a tambayi ɗayanmu yadda cikin furen kuɓewa yake, sai ya yi zuru. Ni ma haka nake, sai ran da malaminmu na kimiyyar halittu ya ba ni kyamara, ya ce in ɗauko hoton da za a nuna wa 'yan aji sassan fure. Na tafi da tsakar rana, na kai kyamara dab da furen, na yi ta latsawa. Da muka duba, duk sun fito dishi-dishi, ba ko ɗaya na kirki. Abin da na koya bayan wannan kunya shi nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai.

Da farko, gilashin kyamara kamar idon mutum yake, yana da iyakar kusancin da zai ga abu sosai. Kawo yatsarka dab da hancinka, za ka gane nufina. In ka wuce iyakar nan, sai ka ɗan ja da baya. In kuwa kana son ka ƙara kusanta, akwai gilashi na musamman da ake kira makro. Wanda ba shi da shi yana iya riƙe gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje a gaban kyamarar.

Na biyu, gwargwadon kusancinka, gwargwadon ƙanƙantar wurin da zai fito tangaran, wani lokaci bai wuce milimita 2 ko 3 ba. Saboda haka zaɓi abu guda ka saita a kansa, alal misali tsakiyar furen. Ana ƙara faɗin wurin nan ta tsuke ƙofar da haske ke shiga, watau a sa ta a f/11 ko f/16, domin in lambar ta ƙaru ƙofar ƙanƙancewa take yi. Sai dai kuma in haske ya ragu dole kyamara ta ɗan daɗe a buɗe, nan ne ɗan motsi kaɗan zai ɓata hoto. To, ɗora ta a kan bulo, ka kare iska da kwali, ka riƙe numfashi sannan ka latsa.

Na uku, lokaci. Hasken tsakar rana yakan koɗar da launi, ya jefa baƙar inuwa cikin fure. Da sassafe ya fi, ga iska a kwance, ga raɓa. Bayan haka furen kuɓewa yini ɗaya yake yi ya yanƙwane, na kabewa kuwa tun kafin azahar yake rufewa. In gefe ɗaya ya yi duhu, riƙe farar takarda ta mayar masa da haske.

Da na bi waɗannan, sai ga furen kuɓewa raɗau: ganyensa biyar rawaya, gindinsu ja wur, a tsakiya ga ɗan sanda lulluɓe da ƙurar fure. A hoto kuma na fara gane cewa kabewa tana da fure namiji da mace, macen ce ke da ɗan ƙullutu a ƙasanta. In ƙudan zuma bai kai mata ƙurar namijin ba, ƙullutun nan zubewa zai yi, manomi ya tashi a tutar babu.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Wani Bajamushe, Karl Blossfeldt, ya fitar da littafin irin waɗannan hotuna a shekarar 1928, da kyamarar da ya haɗa da hannunsa. Ashe ba sai da kayan tsada ba, haƙuri ne jarin. Gobe da safe ka durƙusa gaban fure ɗaya ka dube shi da kyau, amma kada ka tsinke shi. Gani ya kori ji.